Awara, madarar leda ko garin kunu: wanne za ki ba iyalinki?

Wata Juma'a bayan la'asar ƙanwata da ke aure a Garin Malam ta shigo gidana ranta a ɓace. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce, "Yaya, Malam ya hana awara a gidan." Wai saƙon murya aka turo masa ta WhatsApp, wani mutum yana ta rantsuwa cewa waken suya yana kashe ƙarfin namiji, yana hana haihuwa. Ƴaƴanta biyar, kuɗin cefane ba ya kaiwa ga nama sai jefi-jefi, awarar dala goma-goma ce ke riƙe cikin yaran tun safe har a tashi daga lakwal. Ta ce, "To ni yanzu me zan ba su?"

Na yi kwanaki ina bin abin da likitoci da hukumomin kula da abinci suka rubuta a kan wannan wake, na haɗa da abin da idona ya gani a shekarun da na yi ina dafa awara a gida. Abin da na tarar shi ne mun bar jaki muna dukan taiki. Abin da ake tsoro a majalisa da gidajen biki hujjarsa ba ta da ƙarfi, haɗarin gaske kuwa yana cikin tukunya, da kaskon suya, da ruwa, da zafin Damagaram, ba kuma wanda ke tura saƙo a kansa. Sannan abin da ake yi da waken suya iri-iri ne, hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Bari mu fara da maganar Malam, don ba daga iska ta faɗo ba. Waken suya yana ɗauke da wani sinadari da ake kira isofilabon, wanda ƙirarsa ta yi kama da ta sinadarin mata na estrojin. Kama ce kawai, ƙarfinsa a jiki bai ko kusa da na estrojin ɗin ba. An gwada shi a jikin maza sau da yawa. A 2010 masana suka tattara gwaje-gwajen da aka yi, a 2021 aka sake tattara guda 41, duka biyun suka nuna cin waken suya bai rage sinadarin maza na testosteron ba. Labarin da masu tsoratarwa suka fi riƙewa na wani dattijo ne ɗan shekara 60 a Amurka, wanda likitoci suka ba da rahotonsa a 2008: ƙirjinsa ya kumbura kamar na mace, da aka bincika ashe kusan lita 3 na madarar waken suya yake sha kullum. Da ya daina, abin ya lafa. Wa ke shan lita 3 a rana cikinmu? A ɓangaren mata kuma, an bi mata 5,042 da suka yi fama da sankarar mama a birnin Shanghai na ƙasar Sin, sakamakon da aka buga a 2009 ya nuna waɗanda suka fi cin waken suya su ne cutar ta fi ƙarancin dawo musu.

Sai dai ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. A watan Maris na 2025 hukumar ANSES mai kula da lafiyar abinci a Faransa ta ba da shawarar a daina ba da abincin waken suya a wuraren ciyar da jama'a, irin su makarantu da gidajen renon yara, tana dogara da gwaje-gwajen da aka yi a kan dabbobi. Japan kuwa, inda ake cin waken tun kaka da kakanni, hukumarta ta ajiye iyaka a 2006: miligiram 70 zuwa 75 na isofilabon a rana ga babba. Kofi ɗaya na madara ko giram 100 na awara yana ɗauke da wajen miligiram 20 zuwa 30. Ke nan babba zai ci sau biyu a rana bai ƙetare ba. Yaro ƙarami jikinsa bai kai haka ba, don haka ni a gidana ba na barin awara ta zama ita ce karin kumallo, ita ce ta rana, ita ce ta dare. A riƙa sauyawa da wake, da ƙwai, da gyaɗa, da nono. Wannan tsari na ba ƙanwata ta kai wa Malam.

Awarar da aka yi a gida ita ce a gaba a wurina, kuma da tazara. Busasshen waken suya kusan kashi 36 zuwa 40 cikin ɗari nasa furotin ne, ya wuce waken da muka saba ci nesa, kuma furotin ɗinsa yana kusa da na nama wajen gina jiki. Amma ɗanyensa yana da abubuwan da ke hana ciki narkar da abinci, suna kawo kumburi da murɗa da zawo. Wuta ce kawai maganinsu. A nan ne mata da yawa ke kuskure ba su sani ba. Idan kika ɗora tataccen ruwan waken, tun zafinsa yana wajen digiri 80 zai taso da kumfa har ya nemi zubewa, sai ki ɗauka ya tafasa. Bai tafasa ba. Ki rage wuta, ki kwashe kumfar da ludayi, ki jira har ki ga ruwan kansa yana juyawa daga ƙasa, sannan ki ƙirga minti 10 zuwa 15 kafin ki zuba tsami. Warin ɗanyen wake da ke tashi daga wata awarar shaida ce ta cewa an yi gaggawa.

Jiƙon ma yana da nasa. A zubar da ruwan da waken ya kwana a ciki, a ɗauraye shi sau biyu ko uku kafin a kai injin markaɗe. Hukumar Faransan nan da kanta ta ce jiƙo da wanki da dafuwa irin na mutanen Asiya suna rage isofilabon. Na san ruwa a garin nan tsada gare shi, ranar da famfo bai zo ba kowace jarka lissafinta ake yi, amma ba a ɗaurayar wake ya kamata a yi tsimi ba. A watannin zafi kuma kada jiƙon ya daɗe, wake yana fara tsami da wuri.

Sai abin da ake haɗa awarar da shi. Ruwan tsami na gasara, ko tsamiya, ko lemun tsami, duk abinci ne, ba laifi. Alif ne nake gudu, wannan da ake jefa wa ruwa ya kwanta. Yana sa awara ta yi tauri ta yi auki, shi ya sa wasu masu sana'a ke son sa, amma sinadarin alminiyam ne a cikinsa, ƙoda ce ke fitar da shi, mai ciwon ƙoda kuwa taruwa yake yi a jikinsa. Idan kin ci awara kika ji bakinki ya ɗaure da bauri, ki tambayi mai ita da me ta haɗa.

Wannan ya kawo mu ga awarar talla, wadda mafi yawanmu ita muke ci. Ba zan zagi masu ita ba. Mata nawa ne a Birni da Zango da Karkada ke ciyar da marayu, suke yi wa ƴaƴa kayan ɗaki da wannan kaskon? Akwai wadda nake saye wurinta shekara da shekaru, mai sabo take zubawa, farantinta a rufe, ba ta kai azahar da kaya. Amma ku tsaya gaban wani kaskon ku duba da kyau: man ya yi baƙi kamar na inji, ya yi kauri, yana kumfa, hayaƙinsa na shiga ido, an kwana uku ana ƙara sabo a kan tsoho. Man da aka yi ta ƙonawa haka yana rikiɗa, ya haifar da sinadarai masu illa ga jijiyoyin jini da zuciya, ita kuma awara tsotse mai take yi kamar auduga. Mai hawan jini ko ƙiba da ke cin irin wannan kullum, kada ya ɗora wa waken laifi.

Na biyu shi ne lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye ba wuta ba sanyi, don ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa tsakanin digiri 5 da 60. Mu nan a Afrilu da Mayu zafi yana haura 40. Awarar da aka soya da hantsi, yarinya ta yi ta yawo da ita a rana daga bakin Kasuwar Dole zuwa tasha, hannu yana shiga yana fita, ƙura na sauka, zuwa la'asar ta zama wani abu daban ko da idonki bai ga komai ba. Saboda haka idan za ki saya, ki saya a bakin kasko da zafinta, ki tafi da kwanonki, ki leƙa launin man. Idan kin samu haka, tazarar da ke tsakaninta da ta gida ba ta da yawa.

Madarar waken suya ta leda ko ta gorar roba ita ce na fi jin tsoro cikin duka, kuma jikina ne ya gaya mini. Wata shekara cikin zafi ɗana na biyu ya sayi mai sanyi a hanyar lakwal. Cikin dare ya tashi da amai da zawo, kafin asuba idonsa ya faɗa, leɓɓansa sun bushe, sai da aka ɗaura masa ruwa a likita. Madara ba ta shiga mai mai zafi kamar awara, daga tukunya sai leda. Idan ba a tafasa ta sosai ba, ko an ƙara ɗanyen ruwa don ta yi auki, ko an zuba ta a gorar da aka tsinto, shi ke nan. Ga ɗaukewar wuta: ta daskare da dare, ta narke da rana a firigo, ta sake daskarewa, sanyin da ke hannunki ba ya shaida komai. Ni yanzu madarar da ban ga dafuwarta ba, ba na ba yaro. A gida kuwa abu ne mai sauƙi, a dafa da safe, a shanye da safe.

Ta kwali da ake samu a manyan kantuna ta fi aminci ta wannan fuska, don an dafa ta da zafi mai tsanani an rufe ba iska, tana daɗewa muddin ba a buɗe ba. Da an buɗe kuwa ta koma kamar ta gida, sai firigo mai aiki. Nata aibin sukari ne da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da babba zai sha a rana kada ya wuce wajen giram 50, kusan ƙaramin cokali 12, wata madarar kwalin kuwa kofi ɗaya ya cinye kaso mai yawa na wannan. A duba kwanan wata, a duba ko an rubuta an ƙara mata kalsiyam. Wannan yana da muhimmanci, domin madarar shanu tana da wajen miligiram 120 na kalsiyam a kowane mililita 100, ta waken suya da ba a ƙara wa komai ba kuwa ɗan kaɗan ne a cikinta, kuma ba ta da bitamin B12 sam. Furotin ɗinsu ne ya yi kusa da juna. Wanda ke samun nono ko cuku kada ya bar su saboda ita.

Maganar jarirai kuwa ba ni da sassauci a kanta. Jariri har wata 6 nonon uwa kaɗai. Madarar waken suya ta gida ba ta maye gurbin nono, komai farinta da kaurinta, yaron da aka ɗora a kanta tamowa ce ke jiran sa. Madarar gwangwani ta jarirai da ake yi da waken suya abu ne daban, amma ita ma sai likita ya ce, kuma ba a ba bakwaini. Inda waken ke da babban amfani ga yaro shi ne bayan wata 6, a cikin kunu. Garin Misola da aka sani a Nijar da Mali da Burkina Faso haɗin gero ne da waken suya da gyaɗa, gero kashi 60, wake kashi 20, gyaɗa kashi 10. Garin da PAM, hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ke rabawa ma masara ce da waken suya, an ƙara musu bitamin. Uwa za ta iya yin irinsa da hannunta: tiya uku ta gero, tiya ɗaya ta wake, da ƴar gyaɗa. Sharaɗin shi ne a soya waken a kasko har ya yi ƙamshi ya sauya launi, a ɓarza a sheƙe ɓawon, sannan a niƙa. Na ga masu kai ɗanyen wake inji su dama kunu da garinsa, yaro ya yi ta kumburin ciki su ce haƙori ne. Gyaɗar kuma a tsince ta tsaf, duk wadda ta yi funfuna ko ta motse a zubar, don dafin da ke lalata hanta ya fi zama a gyaɗa da masara fiye da waken suya. Tsakanin garin leda da ba shi da suna ba shi da kwanan wata da wanda kika soya da kanki, naki ya fi.

Yanzu sai kayan zamani na masana'anta, waɗanda suka fara shigo mana. Akwai busasshen "naman" waken suya, gutsi-gutsi a leda, da ake jiƙawa a zuba a miya ko shinkafa. Asalinsa tunkuzar waken ce bayan an cire mai, a matsa ta cikin inji da zafi ta kumbura, kamfanin Archer Daniels Midland na Amurka ya fito da shi cikin shekarun 1960. Kusan rabinsa furotin ne, ba mai, kuma yana wata da watanni bai lalace ba, abin da ya dace da garin da wuta ba ta tsayawa. Abin da ake ƙorafi a kansa shi ne sinadarin heksan da ake jawo man da shi, wanda daga man fetur ake samun sa. Kusan duka yana tashi a iska lokacin sarrafawa, Tarayyar Turai ta ƙayyade ragowarsa, miligiram 1 a kilo na mai, 30 a kilo na irin wannan kaya, kuma a 2024 hukumarta ta EFSA mai kula da lafiyar abinci ta ce akwai buƙatar a sake nazarinsa. Ni ina ganin wanda ba a sa wa komai ba, a tafasa a matse a zubar da ruwan, ba laifi sau ɗaya ko biyu a mako. Wanda ya zo da ƙunshin kayan ɗanɗano kuwa gishiri ne fal. Haka baƙin ruwan nan na soya sos da masu girkin zamani ke zubawa a soyayyar shinkafa: babban cokali ɗaya yana ɗauke da kusan rabin giram 5 na gishirin da bai kamata mutum ya wuce ba a yini, ga kuma dunƙule an riga an jefa. Mai hawan jini ya kiyaye. Daudawar waken suya ta fi shi a wurina, ko da ba ta kai ta kalwa ƙamshi ba.

Man waken suya na gora mai ne kamar sauran, damuwar tana kan daskararren da aka sarrafa don yin biskit da bota mai araha, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a kawar da irinsa tun 2018. Batun irin waken suya da aka sauya wa halitta kuwa, kamfanin Monsanto ya fito da shi a 1996, yau sama da kashi 90 na waken Amurka irinsa ne, kuma babban nazarin da cibiyar kimiyya ta ƙasar ta fitar a 2016 bai gano ya fi na gargajiya illa ga mai ci ba. Gardamar da ta rage ta maganin ciyawar da ake fesa masa ce, gilifosat. Wannan ya fi shafar kayan da ke zuwa daga ƙetaren teku. A kan waken da muke aunawa a kasuwa, wanda mafi yawansa daga Najeriya yake shigowa, ni hancina nake sa wa: idan na ji warin fiya-fiya ko na ga funfuna, in wuce gaba.

Abu ɗaya ne nake cewa a guje shi kwata-kwata, wato ƙwayoyi da garin "ƙarin ƙiba" da "gyaran jiki" da ake tallatawa a waya da sunan waken suya. Mun san illar da ƙwayar deksa ta yi wa mata a neman ƙiba, garin da ba shi da takarda kuwa ba abin da zai tabbatar miki ba a daka irinta a ciki ba. Ko da waken ne zalla, abin da awara ba ta yi miki ba shi ma ba zai yi ba.

Akwai kuma waɗanda ko awarar gida sai sun yi hattara. Wanda jikinsa ba ya karɓar waken, da ya ci sai ƙaiƙayi ko kumburin leɓe ko sarƙewar numfashi, ya bar shi har abada, a kuma garzaya da shi likita idan numfashin ne. Mai maƙoƙo ya tabbata gishirin gidansa mai aidin ne, don inda jiki ke ƙarancin aidin ne waken ke iya ƙara wa matsalar nauyi, gishirin gargajiya kuwa galibi ba a sa masa. Mai shan lebotiroksin, maganin da ake ba masu matsalar maƙoƙo, ya bar awa 4 tsakanin ƙwayar da awara, saboda awarar tana rage shigar maganin cikin jiki. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa. Mace mai ciki ko mai ƙarancin jini ta sani cewa ƙarfen da ke cikin wake ba ya shiga jini kamar na nama, ta ci awararta da tumatir ko ta matsa lemun tsami, ta kuma ja shayi baya da awa ɗaya ko biyu.

Ƙanwata ta koma ta zauna da Malam bayan isha'i ta zayyana masa komai. Ya ce ta gida ya yarda, ta hanya kuwa sai wadda aka saya a gaban idonta. Yanzu daren Litinin da na Alhamis take jiƙa rabin tiya, ta yi awara da ruwan tsami, rabi ta soya, rabi ta yanka ƙanana ta jefa a miyar zogale ba suya, dusar kuma ta awaki ce. Sauran ranakun kunun gero da soyayyen garin wake ne. Makon jiya ta aiko babbar ƴarta da kwano a rufe, ta ce, "Inna, wai ki ɗanɗana ki ji ko tsamin ya yi yawa."